Ɗigon da ke Idon Uwaliya

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da taki ya gagari talaka, Uwaliya matar Ya'u ta ƙauyen Masanawa ta fara ganin wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a idonta. Tana tsintar wake sai ta kai hannu ta cire ƙwaro, ta tarar babu komai. In ta ɗaga kai sama, su bi ta kamar zaren gizo-gizo.

Halinta ma ya sauya. Da safe ta yi ta dariya da maƙwabta, kafin azahar ta fasa kwano a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, sannan ta zauna ta yi shiru har magariba. Dangin miji suka ce iska ce. Aka kai ta wajen mai ruƙiyya a Kabo, ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Ita dai tana zaune, tana kallon ɗigon suna ratsa farar rigarsa.

Daga baya Ya'u ya kai ta asibiti a Gwarzo. Wata malamar jinya mai suna Clara, 'yar kudancin Kaduna, ta haska mata ido da tocila.

"Inna, ba yanar ido ba ce. Ruwan cikin ido ne ke yin gudaji in shekaru sun ja. Amma ki je Kano likitan ido ya duba."

"To, su ne ke sa ni faɗa, ko faɗan ne ke kawo su?"

"Wannan ban sani ba. Na dai lura wanda ransa ba daɗi ya fi ganinsu. Wani abu ya faru kafin su fara?"

"Ba komai," in ji Uwaliya. Can ta ƙara da cewa, "Ɗana Ja'afaru ne ya tafi Kaduna sayar da albasa, aka yi rikicin nan na Shari'a. Bai dawo ba. Ba mu ga gawa ba."

Clara ta kashe tocilar. "Ƙanena Harrison ma a can ne. Mu mun ga tasa."

"Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin, Inna. Ku ma haka."

Sai Clara ta rubuta takarda ta miƙa mata, ta kira na gaba a layi.

Uwaliya ba ta je Kano ba. Ɗigon suna nan, ta daina kai musu hannu. Da kaka ta zo, faɗan ya tafi, dariyar ma ta tafi. Ta yi girki, ta yi salla, ta amsa gaisuwa. In an tambayi Ya'u jikin mai ɗakinsa, sai ya ce ai ta warke sarai, ita kuma daga cikin ɗaki ta ce alhamdu lillahi.