Takardun Ƙarƙashin Allura

Ƙanen marigayi, wani tela, ya riga ya zare allura ta tara lokacin da malamar kimiyya ta shigo. Maƙwabciya ce, gaisuwa ta kawo ta. Ta tarar ana kwashe ɗakin tsohon don a shimfiɗa wa baƙi tabarma. Akwatin gilashin da tsohon ke adana ƙwarinsa na buɗe a cinyar tela, yana soke alluran a hularsa, busassun faɗa-wuta na zubewa ƙasa, 'yan takardunsu na bin su.

"Baba, ajiye akwatin nan."

Ya ce allura ce mai kyau, ba ta tsatsa, asara ce a bar ta jikin ƙwari.

Shekara talatin tsohon ya yi yana goge kwalabe a ɗakin bincike. A nan ya lura da waɗannan ƙananan masu ruwan toka. Littattafai sun cusa su a jinsi ɗaya, shi kuwa ya dage biyu ne, jijiyoyin fikafikansu sun bambanta. Da yake ba shi da digiri, ba wanda ya saurare shi. Shekaranjiya, numfashi na yi masa gardama, ya sa malamar ta yi alkawarin kai akwatin ga masana. Ya ce ta kula da takardun, su ke faɗin inda aka kama kowanne da ranar. Ƙwaron da ya rabu da takardarsa ya zama shara.

Matar marigayi ta ce ta bari, 'yar nan, mai abin ma ya tafi. Wani daga bakin ƙofa ya tambaya ko ƙwarin ma za a yi musu sadakar uku. Aka yi 'yar dariya.

"Yana raye kun ce ya zautu," in ji malamar. "Ko ɗayanku bai taɓa tambayarsa me ya gani ba. To, ni na tambaya."

Ta karɓe akwatin daga hannun tela. Saura goma sha huɗu, kowanne da takardarsa. Taran da ke ƙasa ta duba, ta duba. Ba yadda za a san wace takarda ce ta wane, kuma ba za ta yi wa mamaci ƙarya da cinke ba. Ta bar su.

Ta rufe gilashin, ta rungume, ta ratsa tsakiyar zaman makoki. Dattawa suka riƙa janye ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. A bayanta tsintsiya ta fara aiki. Ƙurar fikafikai, toka-toka, na manne a yatsunta.