Daƙiƙa Talatin

Auta tana ƙoƙarin tura wayarta cikin kabad ɗin ma'aikata sai ga kiran Yayarta, karo na huɗu tun safe. Ta ɗauka a tsaye a bakin ƙofa. Yaya ko gaisuwa ba ta amsa ba. An rufe mata shafi a dandalin sada zumunta, shafin da ta shekara uku tana koya wa mata yadda za su shafa ƙirjinsu su gano ƙullutu tun bai girma ba. Kuma ba rufewar ce ta fi ƙona mata rai ba, dalilin da aka rubuta ne: wai tana yaɗa batsa. Ita, ungozomar da ta shekara ashirin da biyu tana karɓar haihuwa!

Abin bai tsaya nan ba. Akwai wani mai tallan magani da ake kira Mai Kwalba, wanda kasuwarsa ta mutu tun da Yaya ta fara ce wa mata su daina shafa man da yake sayarwa su je asibiti. Shi ne ya ɗauki hoton sanarwar rufewar ya yi bidiyo a kai, ya ce to ga shi kamfani da kansa ya tabbatar, matar nan 'yar iska ce. Shugabar asibiti ta gani, ta ce Yaya ta same ta a ofis gobe da safe.

"Ke ba can kike aiki ba? Ki nemo min ɗan banzan da ya danna wannan abu," in ji Yaya.

Auta ta ce ta bar mata komai. Kafin ta ajiye wayar sai da ta kalli bidiyon Mai Kwalba har ƙarshe. Minti biyun farko gaisuwa ce da addu'a, kai ka ce mutumin kirki ne. A minti na uku bakin ya buɗe. Ya ce Yaya da danginta baƙi ne da suka zo lalata matan mutane, irinsu ƙwari ne, kuma kowa ya san abin da ake yi wa ƙwaro. Har launin ƙofar gidanta ya faɗa. Mutane sun kai ƙara ba adadi, amsa ɗaya ake dawo musu da ita: bai saɓa ƙa'ida ba.

Auta ta san dalili, shi ya sa ma ranta ya ƙara ɓaci. Aikinsu ke nan, su sittin a zaure ɗaya mai sanyi kamar firji, kowa da kwamfutarsa da lambarsa rataye a wuya. Duk abin da aka kai ƙararsa a dandalin, hoto ko rubutu ko bidiyo, yana faɗowa gabanka, ka danna a bari ko a cire. Daƙiƙa talatin aka ba ka. Akwai ɗan agogo a kusurwar allo, da ka wuce sai ya koma ja, a ƙarshen wata kuma a lissafa maka jajayen. To wa zai zauna jiran minti na uku? Duk wanda bidiyon ya faɗo wa ya ji addu'a, ya ce amin a ransa, ya danna a bari.

Ta zauna ta yi aikin awa biyu ba ta san me take dannawa ba. Da ta ga zuciyarta na neman fashewa sai ta miƙe ta nufi ɗan ofishin gilashin shugaban sashe, wanda suke kira Mai Agogo a bayan idonsa. Ta shiga ba sallama. Ta zayyana masa komai, ta ce wannan wane irin aikin banza ne, a bar mai kiran a kashe mutum yana yawo, a kama mai ceton rai? Nonon da ke cikin bidiyon Yaya da ya jawo rufewar ma na roba ne, irin wanda ake koyarwa da shi a makarantar ungozoma. Ko makaho ya taɓa zai san roba ce.

Mai Agogo ya bar ta ta gama, yana juya biro a hannu. Ya ce batun Mai Kwalba ba ta da ikon taɓa shi tunda abin ya shafi 'yar'uwarta, sai dai a sake jefa shi cikin layi. Shafin kuwa, Yaya ta ɗaukaka ƙara, sati biyu zuwa uku za a duba. Auta ta ce sati uku? Gobe da safe za a raba baiwar Allah da aikinta da mutuncinta, shi yana maganar sati uku.

Ya ce akwai gajeriyar hanya ɗaya. In ma'aikacin da ya cire abin ya cika fom ya amsa kuskurensa ne, a ranar ake mayar da shafin tare da sanarwar ban haƙuri. Amma babban kuskure ake rubuta masa, kuma ta san doka, uku a wata kora ce. Shi ya sa ba mai cikawa.

"To a kira shi ya cika. In ya ƙi, ni zan tsaya a kansa. A kore shi ɗin, me ya rage? Wanda ba zai iya buɗe ido ya duba ba ya je ya nemi wata sana'ar."

"Ki bi a hankali," in ji Mai Agogo.

Ta ce babu wani a hankali, ya buɗe kawai. Ya yi ɗan tsaki, ya shiga rumbun bayanai, ya rubuta sunan shafin. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juyo mata da shi.

Jiya, ƙarfe uku da minti goma sha biyu na rana. Lokacin dubawa: daƙiƙa huɗu. Lambar ma'aikaci: 0417. Auta ba ta buƙaci duba katin da ke wuyanta ba.

Sai abin ya dawo mata. Duk bidiyon da na'ura ta zarga da tsiraici yana zuwa a dushe, ba launi, ba sauti, don a sauƙaƙa wa idon ma'aikaci. In kana so ka gani sosai sai ka danna ka buɗe. Tun watan da ya wuce ta daina buɗewa, saboda abin da idonta ya gani a shekara biyu ya ishe ta, kuma rashin buɗewar ne ya sa ta zama ta ɗaya a sauri, har aka manna hotonta a bango. Jiya ta ga siffar nono da hannu a kai, ta danna, ta wuce. Da a ce ta kunna sautin, da kalma ɗaya ta isa ta gane muryar wadda ta goya ta.

Kunya ta rufe ta, sai kuma haushi ya dawo, na kanta da na agogon da na hoton nan da ke bango yana murmushi. Mai Agogo ya yi ƙasa da murya ya tuna mata tana da manyan kurakurai biyu a wannan watan. Ya ce shi bai ga komai ba, ta koma kujerarta, ƙarar Yaya za ta bi layi kamar ta kowa.

"Ba ni fom ɗin."

Ta cika, ta sa hannu. Ya ce tana iya ƙarasa aikin yau. Ta koma ta zauna, kuma duk abin da ya faɗo mata sai ta buɗe shi ta kalla har ƙarshe. Agogon ya yi ja ya gaji. Tana ta fatan bidiyon Mai Kwalba ya faɗo gabanta, bai faɗo ba.

Ƙarfe biyar ta miƙa katinta a wurin masu gadi, ta ɗauko wayarta. Shafin Yaya ya dawo, da sanarwar ban haƙuri a samansa. Bidiyon Mai Kwalba ma yana nan daram, an ƙara ba da amsa bai saɓa ƙa'ida ba. Tana tsaye a tashar bas kiran ya shigo.

"Auta, ya dawo! Har na tura wa shugaba. Kin gano ɗan banzan?"

"An gano shi, Yaya. An kore shi."

"Madalla. Allah ya ƙara!"

Bas ɗin unguwar su Auta ya tsaya a gabanta, ta bar shi ya wuce.

"Yaya, ki kulle ƙofa sai na iso. Gidanki zan zo, akwai maganar da ba ta waya ba ce."