Gidan da Doina Ta Gina

"Sorin, minti biyu kawai nake roƙo," in ji Smaranda, wayar a maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa.

Ya yi dariya. "Yau ke ce da roƙo? Sa'ad da kike kan kujerar nan, masu tallan labari ko sallamarsu ba kya amsawa."

Gaskiya ya faɗa. Shekara goma sha shida ta yi tana furodusan shirin safe a wani gidan talabijin na birnin Iaşi, har ranar da aka rage ma'aikata, sunanta ya fito. Yanzu ita ce jami'ar hulɗa da jama'a ta wani kamfani mai tura mata Italiya jinyar tsofaffi. Wata uku ke nan ba ta shigar da labari ko ɗaya a iska ba, mai kamfanin kuma ya fara gaishe ta da ka.

"Ranar mata ta kusa," ta ce. "Ina da macen da ta tafi da jaka ɗaya, ta gina bene a ƙauyensu. Ga uwa tsohuwa mai daɗin baki."

"Akwai hawaye?"

"Na farin ciki."

"Wa kika samo haka?"

"Yayata Doina. Tsohuwar kuma Mama ce."

* * *

Mama Profira ta tare su a bakin ƙofa da ɗankwalin zuwa coci, ta riga ta tuƙa tuwon masara ta barbaɗe shi da cuku. Ba a benen take kwana ba. Tun da gwiwa ta hana ta hawa, ta koma ɗan ɗakin girkin da ke bayan gida, kujerun falon Doina kuwa har yanzu suna cikin ledarsu. Smaranda ta yaye ledar, ta buɗe tagogi, ta zaunar da uwar inda haske ya fi kyau.

"Me zan ce, 'yar nan? Faɗa mini kada in ɓata miki aiki."

"Ki ce kina alfahari da ita."

"Wannan ai ba sai an koya mini ba. Ke kuma kin rame. Ba sa ba ku abinci a sabon wurin?"

Tsohuwar ta yi bayaninta tiryan-tiryan: shekara goma sha ɗaya da tafiyar Doina, rufin kwano ja, ruwan zafi a famfo. Da aka gama, mai kyamara bai kashe ba, ita kuma ta ɗauka hira ce kawai ta rage.

"Matar da Doina take jinya sa'ata ce," ta ce wa Sorin. "Ran nan Doina ta nuna mini ita ta waya, tana taje mata kai. Na ce ta sassauta wajen ƙeya, don hannunta nauyi gare shi tun tana ƙarama. Ban ji haushi ba fa. Na dai daɗe ina kallo."

Smaranda ta sunkuya tana naɗe wayar makirfo. Tafiyar awa biyu ce tsakaninta da ƙauyen nan, amma rabonta da shi tun Kirsimeti.

A bakin mota Sorin ya ce, "Kin ji labarin, ko? Da ke ce, da shi za ki buɗe."

"Na sani. Cire zancen taje kan nan."

"Smaranda."

"Kamfanin ba zai ji daɗi ba. Doina ma za ta gani, ga ta ita kaɗai a can. Cire shi don Allah."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai. Ita ta koya masa aikin.

* * *

Labarin ya fita lafiya. Mai kamfanin ya aiko mata da furanni, Doina ta kira tana kuka da dariya a haɗe. Ranar Lahadi Smaranda ta koma ƙauye ba kyamara, ta wanke wa uwarta kai, ta yanke mata farce.

Suna zaune a rana sai ga Mirela, 'yar maƙwabta, da jaririya a hannu.

"Tanti Profira, mun gan ki, kamar sarauniya," ta ce, sannan ta juyo wajen Smaranda a kunyace. "Cewa na yi ko zan samu lambar kamfanin."

"Watanta nawa?" Smaranda ta tambaya.

"Bakwai. Mamata ta ce za ta riƙe ta. Shekara biyu kawai zan yi."

"Doina ma biyu ta ce," in ji tsohuwar, ba tare da zafi ba. Ta taɓa hannun 'yarta. "Ba ta mana. In ba ki ba ta ba, wani zai ba ta, gara inda muka san mutum."

Smaranda ta zaro kati daga jaka. Mirela ta rasa hannun karɓa, sai Mama Profira ta miƙa nata hannuwan ta karɓi jaririyar. Yarinyar ta ɗan waiga neman uwarta, ba ta yi kuka ba, ta kama bakin ɗankwalin tsohuwar tana tsotsa.