Halwar Malam Yahuza

Malam Yahuza ya daɗe yana koyar da adabi a wata sakandare a Ikara. Idan yana bayanin yadda jarumin labari ke rushewa, ko tari ba a yi a aji. Da tasa rushewar ta zo babu wanda ya gane ta, don ba ta zo da takobi ko guba ba. Wata safiya ce kawai ya kasa ɗaga alli.

Ya koma gidansu a Malikanchi ya zauna a zaure. Ba ya magana, abinci sai an matsa masa. Da zagi yake ko jifa, da tuni an nema masa magani. Amma shiru ya yi, riƙe da carbin da ko ja ba ya yi. Sai wansa Maiwada ya sanar cewa halwa ya shiga.

Wata mata daga Kudan ta ajiye kofin ruwa a gabansa, ya yi ajiyar zuciya a kai. Ta ba ɗanta mai zazzaɓi ya sha, zazzaɓin ya sauka, kamar yadda zazzaɓi ya saba sauka. Daga nan takalma suka fara taruwa a ƙofar zaure.

Ƙanwarsu Wasila, ma'aikaciyar jinya a Makarfi, ita kaɗai ta kira abin da sunansa. Ta samo masa ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa a Zariya, ta zo da motar haya.

"Yaya Maiwada, ciwon damuwa ne. Yana da magani."

"Ke Wasila, karatun allura kika yi ko na waliyyai? Jiya har daga Dandamisa aka zo."

"To a bar shi ya faɗa da bakinsa."

"In ya faɗa, ni zan buɗe masa ƙofar mota."

Ta durƙusa a gabansa. "Yaya Yahuza, don Allah. Ka ce musu ba ka da lafiya."

Yahuza ya dafa bango ya miƙe, abin da ya ci masa ƙarfin da wani zai nome kadada da shi. Jama'a suka miƙe tare da shi.

"Ba ni da lafiya," in ji shi, murya a dushe. "Ni ba kowa ba ne. Babu abin da nake karantawa. Na gaji da duniya, komai ba ya min daɗi. Ku bar ni in tafi asibiti."

Can wani dattijo ya fashe da kuka.

"Allahu Akbar! Kun ji gudun duniya? Kun ji ƙanƙan da kai?"

Kabbara ta cika zaure. Maiwada, mutum mai cika alkawari, ya je ya buɗe ƙofar mota, yana share hawaye. Wasila ta kama hannun yayanta tana ratsa mutane, kowa na shafar rigarsa yana shafawa a fuska.

A bakin mota suka tarar da direban ya cire takalmi ya tsuguna.

"Hajiya, ki yafe ni. Ina da iyali. Ba da motata za a kai bawan Allah irin wannan wurin masu taɓin hankali ba. Malam, a dai sa mu a addu'a."

Wasila ta ɗauko waya tana neman wani direban. Kafin ta samu, Yahuza ya zauna a ƙasa inda yake. Nan da nan aka kawo buzu, aka tallabe shi aka mayar zaure, aka gyara masa zama yana fuskantar gabas.