Kabarin Farko a Tudu

"Ku tada ni zaune," in ji Sarjan Umara. "Ba a yi mini shari'a ina kwance."

Ni da matarsa Kaltumi muka jingina shi da bango. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Mutumin da ya yi soja har furfura, ya dawo muka zaɓe shi magajin gari, yau ba shi da nauyin buhun tattasai.

Ƙanensa Abbakar ya durƙusa bakin tabarma. "Ya Umara, Baba na bakin kogi, Inna na bakin kogi. Kai kaɗai za ka kwanta a tudu kamar baƙo?"

Kowace shekara in kogin Komadugu ya kawo ruwa, sai ya ci gefen tsohuwar maƙabarta. Da yake kan kujera, Umara ya yanki fili a tudu, bayan gonaki, ya kewaye shi da ƙaya. Ba wanda ya kai gawarsa can. Kowa cewa yake ba da ubansa za a buɗe ba. Zaɓe na zuwa aka kada shi, awaki suka gaji filin.

"Shekarar da ruwa ya tone kabarin Gajere mai kifi," in ji Umara, "wa ya shiga ya tsamo ƙasusuwan?"

"Kai ne."

"Ni ne, ruwa har wuya. Kai kana kan gaɓa kana salati."

"Mutane za su ce mun yar da kai."

"Sun yar da ni tun ranar zaɓe, ban mutu ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "A soja, wanda ya ce a ƙetare, shi ke fara sa ƙafa." Ya dube ni. "Maƙwabci, ka ji da kunnenka. In suka nufi kogi da ni, ka tare hanya."

Na yi ta juya maganar a raina. Gawa ta wa ce, ta mai ita ko ta masu kukanta? Ya cika ran Juma'a da hantsi.

Bayan an sallace shi, Abbakar ne a gaban makara. Da aka kai mararraba, ƙafarsa ta karkata wajen kogi. Na shiga gabansa.

"Matsa, malam."

Ban matsa ba.

Ya daɗe yana dubana, makara a kafaɗarsa. Sai ya gyara riƙo, ya juya tudu.

"Taurin kai har cikin likkafani," ya ce, hawaye na bin gemunsa.

Bana ruwa ya zo da ƙarfi. Jiya na bi ta tudu, na iske Abbakar shi kaɗai yana toshe inda awaki suka ɓarke shinge. Kabari ɗaya ne a tsakiyar yashi. Ta gabas ya bar ƙofa, daidai faɗin makara.