Ladabin Izzuddeen

A taƙaice, lamarin ya shafi wuyan Izzuddeen, ɗan shekara biyar, da kakarsa Dada ta Ƙofar Ran.

Ganin kansa kullum a sunkuye, Dada ta shelanta cewa kunyar Fulani ya gado, tana ba shi wayarta tukuici. Ranar da baƙi suka zo ta ce, "Maigida, ɗago a ga angona." Ya gwada, ya fashe da kuka, dafe da wuya. Zama ya gagari Dada. Ta shafa masa man shanu, ta sauya matashi, ta fita neman keke napep da zai kai su asibiti.

"Hajiya," in ji likita, "wannan ladabin waya ce ta koya masa."

Abin da lamarin ya ci: man shanu kwalba guda, kuɗin keke, da gaisuwar ango, wanda ya ƙaurace mata tun da ta kulle wayar.