Akuya da Burodin Asabar

Shifra na gudu da farar rigarta ta Juma'a, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, akuyar sansanin hutun yara kuwa tana gabanta da burodi mai kitso a baki. Liora, wata 'yar ɗakin da Shifra ke kula da shi, ta ɓullo ta gefen tafki a kujerarta mai taya mai batir, ta sha gaban akuyar. Sai dai kafin a riƙe ƙaho, burodi ya shige ciki.

"Shifra, gudunki sak na kakata," in ji Liora. "Ita ma da sanda take yi."

Shifra ba ta yi dariya ba. Dov ne ya kitsa burodin nan da hannunsa. Dov ba ya magana da baki, wata na'ura yake dannawa ta yi magana a madadinsa, kuma tun farkon mako yake koyon addu'ar burodi, don yau da magariba, shigowar Asabar ɗin Yahudawa, shi zai ja wa sansanin duka. Yaro ne da in an sauya masa tsari sai ya shige ƙarƙashin gado, sai lallashi ya ƙare bai fito ba.

Ta nufi kicin tana haki. Madam Feigenbaum, mai girki, ta ɗaga kafaɗa.

"Sauran duk na yanka, addu'a kuma sai da wanda ba a yanka ba. Na hambaga kawai ya rage. Wannan akuyar kuma, da ni ce da iko, da yau miya ta samu nama."

A ƙofa yara sun kewaye Rabbi Hirsh, malamin addinin sansanin, da tambaya.

"Rabbi, burodin da ke cikin akuya, burodi ne ko akuya ne?"

Tsohon ya shafa gemu kamar mai tuno littafi. "Malamai sun yi saɓani," ya ce.

"To a kawo ta kan teburi mana, a lulluɓe ta da ƙyalle kamar yadda ake wa burodin," in ji Liora.

Shifra ta bar su. Ta iske Dov a kan benci bayan ɗakin kwana, ta durƙusa, ta fara kewaye-kewaye. Kafin ta kai ga maganar, ya danna.

"Na sani," in ji na'urar.

"Wa ya gaya maka?"

Ya duba hagu da dama, ya rage ƙarar na'urar, sannan ya danna a hankali. "Ni na ba ta."

"Dov. Don me?"

"Na ɗanɗana. Gishiri na zuba, ba sukari ba. Kofi cike." Ya ɗan tsaya, ya ƙara: "Kar ki faɗa."

Shifra ta zauna daɓas a ciyawa da farar rigar tata, ta toshe baki da hannu biyu, tana danne dariya.

Da aka kunna kyandir, Dov ya tsaya gaban kowa, ya ɗaga burodin hambaga biyu, ya danna addu'ar har ƙarshe ba kuskure. Ɗakin ya amsa da amin har tagogi suka ɗauka. Madam Feigenbaum ta share ido da gefen riga.

"Yaron kirki," ta ce wa Shifra. "Ɓarauniya ta cuce shi, ko ƙorafi bai yi ba."

Shifra ta gyaɗa kai. Ta taga tana hango akuyar, ta tsoma kai a bokitin ruwa, ta ƙi ɗagowa.